Tarihin Kwata da Sana'ar Fawa a Ƙasar Tasawa



A taron ƙungiya da ya wuce an daɗe ana gardama bisa maganar kwata, wato wurin yankan bisashe na kasuwa. Waɗansu sun ce mu rubuta takarda mu kai meri mu roƙi taimakon gwamnati. Waɗansu suka ce wahalar banza ce, tun da an sha gina irinta a wurare daban-daban ta lalace ba mai kula. Har aka tashi ba a tsaya ga shawara ɗaya ba. Masu magana sun ce waiwaye adon tafiya. Shi ya sa muka ga ya kamata mu jero wa 'yan ƙungiya abin da hukumomi suka yi wa sana'ar nama a ƙasar nan tun daga farko, mu ga wane taimako ya ɗore, wane ya bi iska, don a taro mai zuwa kowa ya yi magana da hujja a hannunsa.

1. Kafin zuwan Nasara

Fawa tsohuwar sana'a ce, gadonta ake yi, kuma tana da sarautarta. A kowane gari mai kasuwa akwai Sarkin Fawa, sarki ke naɗa shi, shi kuma yake shugabantar rundawa. Ba a kayar da sa ko raƙumi a kasuwa sai da saninsa. Shi ke tabbatar da cewa bisar ba ta sata ba ce, ba mushe ba ce, kuma an yanka ta bisa ƙa'idar addini. In rikici ya tashi tsakanin mahauci da mai bisa a kan kuɗi, gabansa ake zuwa, domin yawancin cinikin bashi ne: a karɓi akuya da safe, a biya da marece bayan an sayar da nama. Yana fitar da rabon fada, makaɗan kalangu kuma suna sanar da gari cewa an yi babban yanka. Ashe tun kafin a san takarda da hatimi, akwai mai duba nama a ƙasar Hausa, kuma akwai wanda za a kama in an cuci jama'a.

Tasawa tana bisa hanyar ayarin Abzinawa da ke saukowa daga Agadas zuwa Katsina da Kano. Tare da irin wannan ayari na gishiri Bature mai yawon bincike Barth ya iso Tasawa a watan Janairu na 1851. Matafiyi mai kwana da kwanaki a hanya ba ya ɗaukar ɗanyen nama, sai busasshe. Abin da ya raya kilishi da banda ke nan. Fatu kuwa majema su jeme da bagaruwa, dukawa su ɗinka, waɗansu a ƙetara hamada da su. Fatar jar akuya ta ƙasar Hausa tana isa Turai ta hannun 'yan kasuwar arewacin Afirka, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, alhali daga garkenmu ta fito.

Wajen 1890 annobar bushiya ta share shanun ƙasashen nan, makiyaya da yawa suka wayi gari da sanda kaɗai. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga rundunar Voulet da Chanoine a 1899, tana ƙone garuruwa, tana kwashe hatsi da bisashe ba biya. Kowa ya san a nan Maijirgi tafiyarsu ta ƙare a watan Yuli na shekarar, kaburburansu suna nan. Mun kawo wannan ne don a gane dalilin da ya sa kakanninmu suka daɗe suna ɓoye dabba in sun hango ma'aikacin hukuma. Farkon haɗuwarsu da sabuwar hukuma ƙwace ne.

2. Zamanin Nasara: fata ta fi nama daraja

Da mulkin Faransa ya zauna, aka aza lanho na kuɗi. Mai bisa dole ya sayar ya biya, kasuwa mai tsada kuwa tana kudu. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, daga nan shanunmu suka riƙa tafiya da ƙafarsu har tasha, a loda su zuwa Ikko. Wannan hanya da aka buɗe a lokacin ita muke bi har yau, sai dai kamiyo ya maye gurbin ƙafa. A 1927 aka ɗauke mazaunin kwamanda daga Tasawa aka kai Maraɗi, manyan kantunan Turawa ma can suka taru.

Abin da ya fi jan hankalin Nasara ga bisashenmu shi ne fata, musamman ta jar akuya, wadda ƙasar Maraɗi da Tasawa ke cikin mahaifarta. Fatar tana da laushi da ƙarfi, ana yin safar hannu da takalma da bangon littafi da ita. Amma kamfanoni suna kukan abu biyu: wuƙa tana huda fata wajen fiɗa, kuma ana shanya ta ƙasa cikin rana ta ƙone ta ƙage. Don haka likitocin dabbobi suka shiga kasuwanni. Aka fara gina dakalin siminti inda za a yi yanka wuri ɗaya, da rumfar shanya fata cikin inuwa, a ɗaure ta da igiya iska na ratsa ta, a tsoma ta cikin maganin ƙwari. Aka koya wa rundawa fiɗa da dunƙulen hannu maimakon bakin wuƙa. Ma'aikacin da ya zo duba fata shi ne kuma ya fara duba hanta da huhu.

Ya kamata mu lura da wannan. Ƙaramar kwata ta ƙauye ta samo asali daga buƙatar masana'antun Turai, lafiyar mai cin nama ta biyo baya. Duk da haka rundawa sun karɓe ta, domin sun ga fata mai kyau tana kawo kuɗi fiye da mai huji. Taimakon da mai sana'a ya ga ribarsa a aljihunsa ba a roƙonsa ya riƙe shi.

3. Bayan samun mulkin kai

Ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu mulkin kai. Gwamnatin Jori Hamani ta tarar da gyaɗa da bisashe su ne manyan abin da ƙasa ke fitarwa. Aka yi tunani mai ma'ana: in sa ya fita da ƙafarsa, to ya fita da kirginsa da kayan cikinsa da ƙahonsa da ladan mai yanka da mai fiɗa da mai jima, duk wata ƙasa za ta ci. Gara a yanka a gida a sayar da nama.

Aikin farko shi ne lafiyar garke. Daga 1962 aka shiga babban gangamin allurar bushiya tare da Najeriya da Cadi da Kamaru, ana huda kunnen duk san da aka yi wa allura don a gane shi. Dattawanmu suna tune da wannan. An daɗe ana fama, cutar ta sake dawowa cikin shekarun 1980, amma a 2011 aka ba da sanarwa cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. A 1963 aka buɗe gidan kiwon awaki na Maraɗi don a tsare irin jar akuya, ana kai bunsuraye nagari ƙauyuka. Waɗannan ayyuka biyu sun iso har bakin turken talaka.

Sai kuma manyan gine-gine. A 1967 aka gama abatuwar Yamai mai ɗakunan sanyi. A 1968 aka kafa kamfanin gwamnati SONERAN, aka ba shi garken Ekarfan a arewa, don ya yi kiwon ƙiba, ya yanka, ya kai nama ƙasashen bakin teku. Aka kafa SNCP mai tattara fatu da ƙiraga, da SONITAN, majemar zamani a Maraɗi. Cikin shekarun 1980 aka ƙara abatuwa masu sanyi a Maraɗi da Tawa da Damagaram.

Niyyar tana da kyau, amma lissafin ya ƙi. Ɗanyen nama yana son sanyi daga kwata har tukunya, ba yankewa ko ta yini ɗaya. Sanyi yana son lantarki da firigo da mota mai firigo da kayan gyara da ake sayowa waje, ga teku tana da nisan fiye da kilomita 1,000. Ɗan kasuwar da ya kora shanunsa zuwa Jibiya ko Mai'aduwa ba ya biyan ko ɗaya cikin waɗannan, kuma mai saye a kudu ya fi son bisa mai rai, don ya amfana da kai da ƙafa da kayan ciki. Bayan haka, cikin shekarun 1980 har farkon shekarun 1990, ƙasashen Turai suka riƙa zubar da daskararren namansu a kasuwannin Abijan da Kwatano da araha, domin gwamnatocinsu suna cika wa masu fitarwa kuɗi. Da kuɗin iraniyom ya faɗi, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, kamfanonin gwamnati na nama da fata suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, waɗansu aka sayar, waɗansu aka rufe. Abatuwan sun ci gaba da aiki, amma yawanci naman cin birni suke yankawa. Ko a 2009, zamanin Tanja Mamadu, an aza harsashin sabuwar babbar abatuwa a Yamai da nufin fitar da nama waje, aikin ya tsaya a hanya.

Duk tsawon wannan lokaci mahaucin ƙauye yana nan bisa tukubarsa, da wuƙarsa da gatarinsa da bashin da ya ɗauko da safe. Cikin manyan kuɗin da aka kashe, abin da ya iso gare shi kaɗan ne.

4. Darasin shekarun fari

Fari shi ya fi nuna amfanin ƙaramar kwata. A 1973 da 1974 bisashe sun mutu ba adadi. Bayan Saini Kunce ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, aka yi shirin mayar da garke, aka buɗe wuraren hayayyafar shanu irin su Fako a ƙasar Dakwaro da Ibesetan a ƙasar Tawa. Shekara goma bayan haka fari ya dawo. A 1984 damana ta ƙi, kuma a watan Afrilu na shekarar Najeriya ta rufe iyakarta ta canza takardun Naira, ba a buɗe ba sai 1986. Shi ya sa iyayenmu ke kiran wannan yunwa El-Buhari. Ga bisa ta rame, ga ciyawa babu, ga hanyar kudu a toshe. Iyayenmu sun ba mu labarin saniyar da kuɗinta bai kai na buhun hatsi ba.

A lokacin hukuma ta yi dabarar sayen bisashen da suka raunana, a yanka, a yanyana naman a shanya, a ciyar da mabuƙata da shi. A 2010, wannan kam da idonmu muka gani, an sake yin haka tare da ƙungiyoyin agaji. Wane ne ya yi aikin? Rundawan ƙauye da mata masu shanya. Ɗakin sanyi na birni bai ceci saniyar da ta kasa tashi a bakin rijiya ba, domin ba za ta iya tafiyar kilomita 100 ba. Inda akwai dakali mai tsabta da ruwa da mutanen da suka iya yanyana nama, an tsira da wani abu. Inda babu, ungulu ta ci.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya yi lakwal. Kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin ɗanyen nama ruwa ne, kuma cikin ruwan nan ƙwayoyin ruɓa ke rayuwa. Mai kilishi yana yanyana tsoka ta yi siriri kamar takarda, ya shanya bisa karan dawa ko tabarma, ya tsoma cikin labu na tunkuza da yaji da gishiri, ya sake shanyawa, sannan ya gasa sama-sama. Ruwa ya fita, nauyi ya ragu, nama ya yi watanni bai lalace ba, kuma mota kowace iri tana ɗaukarsa. Aikin da firigo ke yi da lantarki, rana tana yi mana shi kyauta. Kilishin Tasawa ya yi suna kamar na Madawa da na Gidigir, matafiya bisa babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram suna tsayawa su saya tsaraba. Wannan hanya kuwa ta ƙofarmu ta bi.

Iyakar kudu ta sake rufuwa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta kuma rufuwa daga 2023 zuwa 2024. Sau uku ke nan cikin shekara 40. Garin da ba ya iya sarrafa namansa, duk ranar da aka rufe ƙofa sai ya sayar da bisarsa yadda mai saye ya ga dama.

5. Zamanin kwamin

A 2004 aka yi zaɓen farko na kwamin-kwamin, Maijirgi ta zama mazaunin kwamin ta karkara. Tun daga nan kasuwa da kwata da kuɗin tiken yanka suka koma ƙarƙashin meri, duba lafiyar nama kuma yana hannun ma'aikatan kiwo. Daga 2015 aka shiga wani babban furoje na Bankin Duniya mai suna PRAPS, na taimakon makiyaya a ƙasashe shida na Sahel, har da Nijar, aka gina kasuwannin bisashe da wuraren allura a wurare da dama. A 2023 kuma aka miƙa wa Nijar takardun shaida na hukumar OAPI da ke kare sunan kilishin Nijar da albasar Galmi, tare da tambarin cuku da na fatar jar akuyar Maraɗi. Ma'anar wannan ita ce sunan kilishi ya zama dukiya, amma wanda zai sayar da wannan suna sai ya nuna inda aka yanka bisar da wanda ya duba ta. Naman da aka yanka bayan gida bisa ƙasa ba zai shiga wannan ciniki ba.

Su ma masu cewa wahalar banza ce suna da gaskiyarsu. Duk wanda ya zaga kasuwannin ƙauye tsakanin Tasawa da Mayahi ya ga dakalin da furoje ya gina, aka yi bikin buɗewa, bayan shekara kaɗan siminti ya tsage, magudana ta toshe, karnuka suka gaje wurin. In an bincika, dalilan ba su wuce uku ba. An gina nesa da ruwa, alhali yanka ba ya yiwuwa ba wanki. An gina ba a shawarci Sarkin Fawa da mutanensa ba, suka ɗauka kayan gwamnati ne. Ana karɓar kuɗin tike, amma ba a ware komi don gyara ba, mahauci ya ga yana biya ba ya ganin amfani, sai ya koma yanka a ɓoye.

Yankan ɓoye kuwa kanmu yake ƙarewa. Ma'aikacin kiwo yana duba bisa tana tsaye, sannan ya duba ta bayan fiɗa. A huhu yake gane tarin fuka, wanda ke kama mutum. A hanta yake ganin tsutsa. A tsoka da harshe da zuciya yake neman ƙananan ƙwayoyi farare masu zama tsila cikin cikin wanda ya ci naman bai dahu ba. Ciwon saifa kuwa ko fiɗar bisar yana iya kashe mai fiɗa. Mu da ke aji mun san yaran da ke fashin lakwal saboda ciwon ciki. Rigakafi ya fi magani.

6. Abin da muke ba da shawara

In muka jera abin da ya gabata, za mu ga taimakon da ya ɗore shi ne allura, da bunsuru nagari, da dakali da rumfar fata, da ma'aikacin da ke zuwa ran kasuwa. Dukansu ƙanana ne, suna kusa da mai sana'a, kuma shi da kansa ya ga ribarsu. Don haka muna goyon bayan a rubuta takardar, amma a san abin da za a roƙa, a kuma faɗi abin da mu za mu ɗauka.

Na ɗaya, kafin a rubuta komi, wakilan ƙungiya su je gaisuwa wurin mai gari da Sarkin Fawa, su zauna da rundawa da masu kilishi da masu sayen fata. Su za su nuna wurin da ya dace.

Na biyu, mu roƙi abu daidai ƙarfinmu: dakalin siminti mai gangara, da ƙugiyoyin rataya, da famfo ko rijiya a gefe, da ramin zuba jini da toroso nesa da ruwan sha, da danga, da rumfar fata, da wurin shanya kilishi mai raga saboda ƙuda da ƙura. Kada mu roƙi ɗakin sanyi muddin ba mu da tabbacin lantarki da mai gyara.

Na uku, a rubuta yarjejeniya da meri cewa wani kaso na kuɗin tike zai zauna don gyara, a hannun kwamiti mai mahauci a ciki, a karanta lissafi gaban jama'a sau biyu a shekara. Ga misali irin na allo. Mu ɗauka ana yanka awaki da tumaki 20 kowace ran kasuwa. A shekara mai mako 52 sun zama 1,040. In an ware dala 20 kan kowace, wato sefa 100, an tara jika 104. Wannan ya isa buhunan siminti da igiya da guga da ladan mai shara. Fatu 1,040 kuma, in ba huji ba ƙuna, su ma kuɗi ne da ke zama a gari.

Na huɗu, rundawa su yi asusun kansu, ko na adashi ne, don su rage ɗaukar bisa bashi. Mahaucin da ya saya da kuɗi hannu yana iya ƙin bisa marar lafiya. Wanda bashi ya shaƙe, in likita ya hana naman, shi da mai bisa duka sun shiga uku, shi ya sa yake gudun likita. Asusun ya ɗauki rabin asarar duk wanda aka hana wa nama, sai tsoron dubawa ya ragu.

Na biyar, mu daina raina sana'ar. Yaranmu suna tafiya ci-rani Libiya da Aljeriya da Ikko, waɗansu can ɗin ma tsire suke gasawa, alhali a gida ana jin kunyar a ce ɗan wane ya riƙe wuƙa. Sana'ar da ta ciyar da ayari, ta ceci dukiya a 1984 da 2010, ta kai sunan ƙasa waje, ba abin kunya ba ce.

'Yan'uwa mazauna Yamai da Maraɗi da Kano, ku ma da ku ake. Wanda ya san hanyar ofis ya taimaka da bin takarda, wanda ke da hali ya sa hannu a asusu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma hukuma ta fi saurin jin wanda ya zo da rabin kayan aikinsa. Wanda ke da gyara ko ƙari bisa wannan tarihi, musamman dattawan da suka ga 1973 da 1984, ya aiko wa sakataren ƙungiya a buga a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana garke da lafiya. Wassalam.